Na'urar Geiger ta aljihu: abin da take ji da abin da ba ta ji

Wata bakwai ke nan ina amfani da wata ƙaramar na'urar Geiger, irin wadda ake sakawa a aljihu don auna radiyeshan, wato tururin da wasu sinadarai ke fitarwa da kansu ba tare da ido ya gan shi ko hanci ya ji shi ba. Na saye ta ne saboda ina koyar da kimiyya, kuma na gaji da zana wa ɗalibai a allo abin da ni kaina ban taɓa jin motsinsa ba. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya haɗa ta ba, domin kamfanoni da yawa ne ke sayar da irinta a intanet cikin kwanso daban-daban, alhali abin da ke ciki kusan ɗaya ne: siririn bututun gilashi mai tsawon yatsa, da batir mai caji, da ƙaramin allo, da 'yar lasifika mai yin ƙyas-ƙyas. Abin da zan faɗa ya shafi wannan rukuni baki ɗaya. Hukuncina a taƙaice shi ne na'urar malama ce ta gari ga mai son ya fahimci radiyeshan ɗin da ke kewaye da mu, amma ba mai gadi ba ce, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin mai gadi har ya fara tara abubuwa masu radiyeshan yana buɗe su a gida, to ita ce za ta fara yaudararsa.

Asalin fasahar tsohuwa ce. Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller ne suka kammala wannan bututu a Jamus a 1928, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. A cikin bututun akwai iskar gas kaɗan da siririyar waya a tsakiya, wadda aka ɗora wa ƙarfin lantarki na kusan folt 400. Idan ƙwayar radiyeshan ta ratsa ciki sai ta fisge lantarki daga gas ɗin, wannan ya tunkuɗo wani, wani ya tunkuɗo wani, har a samu ɗan tartsatsin da na'urar za ta ƙirga a matsayin bugu ɗaya. Iyakar aikinta ke nan. Tana ƙirga bugu, ba ta san wane sinadari ne ya aiko shi ba, ba ta kuma san ƙarfinsa ba. Duk alherinta da duk gazawarta daga wannan suka fito.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi mai yawa. Ba ta da nauyi, maɓallanta huɗu ne kuma ba su da wuyar ganewa, batir ɗinta yana ɗaukar kwanaki idan an rage hasken allon, kuma ana iya haɗa ta da kwamfuta a sauke bayanan da ta tara. Kwanson roba ne mara kauri, kuma tun da bututun gilashi ne, faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da ita.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a daren farko, kafin in kusantar da ita da komai. Na kunna ta na ajiye a kan tebur, sai ta fara yin ƙyas, ta yi shiru, ta sake yin biyu a jere, ta sake yin shiru, tana ƙirga wajen bugu ashirin a minti ɗaya a ɗakin da babu wani abu na musamman a cikinsa. Wannan shi ne radiyeshan na ɗabi'a, wanda ke fitowa daga ƙasa da duwatsu da bangon gini da sararin samaniya, har ma daga jikin mutum kansa, domin a jikin kowane baligi akwai fotasiyom-40 da ke farfashewa kusan sau 4,000 a kowace daƙiƙa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illar radiyeshan ya ƙiyasta a rahotonsa na 2008 cewa matsakaicin abin da mutum ke samu daga waɗannan hanyoyi na ɗabi'a ya kai milisibat 2.4 a shekara (milisibat ma'auni ne na illar radiyeshan ga jiki). Na san wannan adadi tun ina ɗalibi, amma ji da kunne daban yake da karantawa. Na lura kuma cewa ɗaliban da suka saurari wannan ƙyas-ƙyas na minti biyar sun rabu da tsoron da ba shi da tushe, suka fara yin tambayoyi masu ma'ana, kuma wannan kaɗai ya isa ya biya ni abin da na kashe.

Darasi na biyu da ta koyar shi ne haƙuri. Farfashewar ƙwayar zarra ba ta bin jadawali, saboda haka ƙirgar minti ɗaya tana hawa da sauka ko da babu abin da ya canza. Idan matsakaicin ƙirga ashirin ne, ganin sha biyar ko ashirin da biyar ba labari ba ne. Sai an bar ta ta yi minti goma, ta tara bugu kamar ɗari biyu, sannan kuskuren ya sauko zuwa kimanin kashi 7 cikin ɗari. Na ga bidiyoyi da dama inda mutum ke ɗora na'urar a kan tayil ko kwano na daƙiƙa talatin, adadin ya ɗan motsa, sai ya shelanta cewa ya gano haɗari a gidansa. Takardar bayanin da ta zo da tawa ba ta ce uffan a kan wannan ba, kuma ina ganin wannan babban rashi ne, domin yawancin masu saye ba su da wanda zai gaya musu.

Akwai gwaje-gwajen da na yi da ita waɗanda zan iya ba kowa shawarar ya yi da kwanciyar hankali. Na ɗora ta a kan buhun takin zamani mai yawan fotasiyom, ƙirgar ta ɗaga a fili, domin kimanin kashi 0.012 cikin ɗari na duk fotasiyom ɗin duniya mai radiyeshan ne. Na gwada ta da wani tsohon kofin gilashi mai ruwan ɗorawa-kore, irin wanda aka riƙa rina shi da ɗan yuraniyom tun ƙarni na 19, wanda ke walƙiya kore shar idan aka haska shi da fitilar ultrabayolet. Ƙirgar ta ninka sau da yawa idan na'urar na jikin kofin, amma da na ja ta baya taki ɗaya sai ta koma daidai da ta ɗakin. A nan ɗalibai suka ga ƙa'idar nisa da idonsu: idan abin da ke fitar da tururin ƙarami ne, ninka tazara sau biyu yana rage abin da ke isowa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Na sa takarda tsakanin kofin da bututun, kusan babu abin da ya canza; na sa fallen alminiyam mai kaurin milimita kaɗan, sai yawancin ƙirgar ta ɓace. Gwajin da na fi so kuwa ba ya buƙatar sayen komai sai balan-balan. Ana hura shi, a goga shi da tsumma har ya ɗauki lantarki, a rataye shi a ɗakin da ba ya samun iska na rabin sa'a, sannan a sace iskar a ɗora robar a kan bututun. Ƙurar da ta manne masa tana ɗauke da 'ya'yan radon, wato sinadaran da ke samuwa idan radon, wata iska mai radiyeshan da ke fitowa daga ƙasa, ta farfashe, irin su dalma-214 da bismut-214, waɗanda ƙarfinsu ke raguwa da rabi cikin kusan minti 27 da minti 20, saboda haka mutum na zaune zai ga ƙirgar tana sauka a hankali har ta koma yadda take. Ban san wata hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaro yadda sinadari ke ƙarewa da kansa ba.

Daga nan ne kuma matsalolin ke farawa, kuma ta farko tana kan allon kanta. Na'urar tana nuna adadi a ma'aunin maikrosibat (kashi ɗaya cikin dubu na milisibat) a sa'a, da lambobi biyu bayan ɗigo, kamar dai ta auna illar da jiki zai samu ne daidai-wa-daida. Gaskiyar ita ce bugu kawai ta ƙirga, sannan ta ninka shi da wani adadi da aka saka mata a masana'anta, wanda galibi aka samo ta hanyar gwada irin bututun da tururin gama na siziyom-137. Idan abin da ke gabanta siziyom-137 ne, adadin zai yi kusa da gaskiya. Idan kuwa kofin yuraniyom ne, wanda yawancin abin da bututun ke ji daga gare shi beta ne, wato wani nau'in tururi daban da gama, to adadin da ke allon ba ya nufin abin da mai karatu ke zato ko kaɗan. Na fi son a ce masu ƙera ta sun sa ƙirgar bugu a minti ta zama abin da ake fara gani, su ɓoye ɗayan a ciki tare da gargaɗi. Na kuma lura cewa idan hasken rana mai ƙarfi ya shiga ta ramukan bayan kwanson ya faɗa kan gilashin, ƙirgar tana tashi ba gaira ba dalili, abin da aka sani game da wasu bututun gilashi, wanda kuma ɗan baƙin rufi zai magance shi tun daga masana'anta.

Waɗannan ƙananan aibobi ne idan aka kwatanta da babban. Radiyeshan ɗin da ake magana a kai iri uku ne mafi shahara: alfa, da beta, da gama. Gama yana ratsa jiki, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage shi. Beta yana tsayawa a fallen ƙarfe. Alfa kuwa takarda ɗaya ma tana tare shi, kuma ba ya wuce mataccen saman fatar mutum. Saboda haka gilashin bututun nan yana tare alfa gaba ɗaya, na'urar ba ta jin sa sam. Mai karatu zai iya cewa to me ya dame mu da abin da takarda ke tarewa. Amsar ita ce alfa ba shi da illa ne kawai muddin yana waje. Idan ƙurarsa ta shiga huhu, ko aka haɗiye ta, ko ta shiga ta rauni, duk ƙarfinsa yana sauka ne a kan 'yan ƙwayoyin halittar da ke maƙwabtaka da shi, babu fata a tsakani, kuma a lissafin masana illarsa a cikin jiki ta ninka ta gama sau ashirin a kan adadin kuzari ɗaya. Foloniyom-210 da aka kashe Alexander Litvinenko da shi a Landan a 2006 kusan alfa zalla yake fitarwa, kuma irin na'urata za ta iya zama kusa da shi ba ta ce komai ba. Wanda ke son jin alfa sai ya nemi bututu mai faɗi da ke da siririyar tagar maika, wato wani ma'adini mai ɓaruwa falle-falle, kuma wannan wani rukuni ne daban. Ita ma iskar radon, wadda ita ce ke ba da kusan rabin radiyeshan ɗin ɗabi'a da mutum ke samu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a matsayi na biyu bayan taba wajen haddasa ciwon dajin huhu, ba a auna ta da wannan na'ura. Tana da nata ma'auni da ake ajiyewa a ɗaki na makonni ko watanni. A 1984 wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania ta Amurka ya riƙa tayar da ƙararrawar tashar a lokacin shigarsa aiki, da aka bincika sai aka gano radon ɗin gidansa ne ya manne masa. Na'urata ba ta jin nutron, wani nau'in tururin na daban, ba ta kuma da alaƙa da siginar wayar salula ko ta intanet, duk da cewa na ga masu talla suna barin mutane su yi zaton haka.

Wannan kurumta ce ta sa nake ganin haɗarin na'urar yana cikin ƙarfin gwiwar da take bayarwa. Mutum ya saye ta, ya gama auna bangon gidansa cikin mako guda, sai ya fara neman abin da zai sa ta yi kuka sosai. Abubuwan kuwa suna nan a ko'ina: ƙararrawar jin hayaƙi mai ɗauke da ɗan amerisiyom-241, tsofaffin lagwanin fitilar gas da wasu sandunan walda masu toriyom, tsofaffin agoguna da kamfas na soja da aka shafa wa fentin radiyom, da duwatsun ma'adinin yuraniyom da masu tarawa ke saya. Mafi yawansu ba su da wata barazana muddin suna yadda aka ƙera su. Amerisiyom ɗin ƙararrawar hayaƙi kaɗan ne ƙwarai, kusan bekarel 37,000, wato farfashewa sau 37,000 a daƙiƙa, an matse shi cikin fallen ƙarfe, kuma na'urar da ke ɗauke da shi tana ceton rayuka a gobara. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka ɗauko wuƙa ko magogi ko wuta, aka kankare, aka niƙa, aka ƙona, abin da yake dunƙule ya koma ƙura. Daga wannan lokaci ƙurar na iya kasancewa a kan tebur, a ƙarƙashin farce, a kan kayan wasan yara, na'urar kuma tana nuna adadin da bai fi na jiya ba sai kaɗan. Amerisiyom-241 yana ɗaukar shekara 432 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, radiyom-226 kuwa shekara 1,600, saboda haka ba abu ne da za a jira ya wuce ba.

Tsofaffin agogunan radiyom sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka fi ruɗar masu tara kayan tarihi. Fentin ya daina haske da dare tun shekaru da dama, sai mutum ya ɗauka ya mutu, alhali sinadarin da ke walƙiyar ne ya lalace, radiyom ɗin yana nan kusan yadda yake, fentin kuma ya bushe yana ɓarɓashewa, yana fitar da radon a cikin akwatin da aka ajiye shi. Jiki yana ɗaukar radiyom kamar kalsiyom, ya kai shi cikin ƙashi. Haka ya faru da 'yan matan da suka yi aikin fentin agogo a garin Orange na jihar New Jersey daga 1917 zuwa shekarun 1920, waɗanda aka koya wa gyara bakin buroshi da leɓɓansu, daga baya ƙasusuwan muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawansu suka mutu da ƙuruciyarsu. Ita kanta Marie Curie, wadda ita da mijinta Pierre suka gano radiyom a 1898, ta rasu a 1934 da cutar lalacewar ɓargo, kuma littattafan aikinta har yau a cikin akwatuna masu rufin dalma ake ajiye su a Faris. Na'urata tana jin agogon radiyom da kyau, domin akwai gama da beta a tare da shi, kuma a nan ta yi amfani: ta gaya maka kada ka buɗe murfin.

Wanda ya fi kowa nuna inda wannan hanya ke kaiwa shi ne David Hahn, wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Michigan, wanda ya tara irin waɗannan kayayyaki a rumfar bayan gidan mahaifiyarsa da burin haɗa tukunyar nukiliya. Bai haɗa ta ba, amma ya gurɓata wurin. A 1994 'yan sanda suka ci karo da kayan a bayan motarsa, a 1995 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta turo ma'aikata cikin rigunan kariya suka wargaza rumfar suka kwashe ta a matsayin sharar nukiliya. Abin da nake so a lura da shi shi ne Hahn yana da na'urar Geiger, kuma yana amfani da ita kullum. Ta taimaka masa wajen nemo kayan, ba ta hana shi shaƙar ƙurarsu ba. A 2011 ma wani mutum a garin Ängelholm na Suwidin ya yi irin wannan yunƙuri a kan murhun kicin ɗinsa, sai daga baya ya rubuta wa hukumar kula da radiyeshan ta ƙasar yana tambayar ko abin da yake yi halal ne a doka, 'yan sanda suka zo suka kama shi. Kusan kowace ƙasa tana da dokar da ta hana cire irin waɗannan sinadarai daga mazauninsu ko tara su ba da lasisi ba, kuma babu kalma ɗaya game da haka a takardar da ta zo da na'urata.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda tururin ya yi yawa har ya fi ƙarfin bututun. Bayan kowane bugu, bututun yana buƙatar ɗan lokaci, kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, kafin ya iya ƙirga wani. Idan bugun ya yi yawa ainun sai ya kasa bambance su, kuma wasu na'urori masu araha a irin wannan hali suna nuna adadi ƙasa da gaskiya, wasu ma su faɗo kusa da sifili, a daidai wurin da ya fi ko'ina haɗari. Ban gwada wannan ba, ba kuma zan gwada ba, amma duk mai riƙe da irin wannan na'ura ya kamata ya san cewa idan ƙirga tana hawa da sauri yayin da yake matsawa kusa da wani abu, sannan ta faɗi kwatsam, ba sauƙi aka samu ba.

Irin wannan abu ba a littafi kaɗai yake ba. A watan Satumba na 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi suka ɗauko kan injin gasa ciwon daji don su sayar da ƙarfensa. A cikinsa akwai garin siziyom-137 da bai kai giram 100 ba. Suka fasa shi a gida, suka sayar wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, shi kuma ya ga garin yana ba da shuɗin haske a cikin duhu, ya ɗauka abu ne mai daraja, ya shigar da shi gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun da ya taɓa garin. Mutane suka fara amai da gudawa da ƙunar fata, aka ɗauka wata cuta ce ta daban. Matar mai ƙarafan ce ta fara zargin abin, ta sa ragowarsa a jaka ta shiga motar haya ta kai ofishin lafiya, fiye da mako biyu bayan an ɗauko shi. Masanin da aka kira ya kunna na'urar awonsa tun yana nesa da ofishin, allurar ta buga ƙarshe, ya ɗauka na'urar ce ta lalace, ya koma ya ɗauko wata, ita ma ta nuna haka. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinyar da matar da ta tona asirin. Aka auna mutane kusan 112,000, aka samu 249 da gurɓata, aka rushe wasu gidaje, aka kwashe ƙasar unguwanni. Duk lokacin da na karanta wannan labari, matar nan ce ke tsaya mini a rai, domin ba ta da na'ura ko ilimin kimiyya, ta dai lura cewa ciwon ya shigo gidan ne tare da wannan abu. An sake ganin irin haka da kobalt-60 a Samut Prakan ta Tailan a 2000, inda mutum uku suka mutu, da kuma kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Mayapuri a Delhi a 2010. A watan Janairu na 2023 wani ɗan kwanson siziyom-137 mai tsawon milimita 8 ya faɗo daga mota a kan hanya mai tsawon kilomita 1,400 a Yammacin Ostireliya, kuma da na'urori na musamman da aka ɗora a mota aka gano shi. Saboda irin waɗannan hatsarori ne hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da ƙarin alamar gargaɗi a 2007, jan alwatika mai hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu, bayan an fahimci cewa mutane da yawa ba su san ma'anar tsohuwar alamar mai fuka-fuki uku ba.

A nan ne nake ganin na'urar tana da wani amfani na gaske da ya wuce aji. Ga mai sana'ar tsofaffin ƙarafa, ko mai sayen tsofaffin kayan asibiti da na masana'antu, ko da wannan mai arahar za ta yi kururuwa tun daga nesa idan akwai siziyom ko kobalt da ya fito daga rufinsa, domin gama ne suke fitarwa, kuma gama tana jin sa. Ƙararrawarta tana da ƙarfi, ana kuma iya saita iyakar da za ta tashi. Sharaɗin shi ne mai ita ya san abin da zai yi idan ta tashi: ya ja da baya nan take, kada ya taɓa abin ko ya ɗauke shi zuwa wani wuri, ya hana mutane kusantarsa, ya kira hukumar da ke kula da radiyeshan ko jami'an agajin gaggawa, ya kuma gaya wa likita abin da ya faru idan ya riga ya taɓa. Kariyar da masana ke koyarwa ba ta wuce abu uku ba, wato rage lokaci, da ƙara nisa, da sanya shamaki, kuma nisa ne ya fi sauƙi ya fi araha. Iyakar da hukumar ƙasa da ƙasa ta kariya daga radiyeshan ta shata wa jama'a, ban da na ɗabi'a da na asibiti, milisibat 1 ne a shekara, ga ma'aikatan fannin kuma matsakaicin 20, kuma su ma'aikatan da na'urorin da ake tantance ingancinsu a kai a kai suke aiki, ba da irin tawa ba.

Zan ba malamin kimiyya shawarar ya saye ta, haka iyayen da ɗansu ke da son sani, muddin za su zauna tare da shi, haka mai tara tsofaffin kaya da ke son ya san wanne ne zai bari a rufe. Ba zan ba da shawararta ga wanda ke son tabbatar da lafiyar iskar gidansa ko ruwansa ko abincinsa ba, domin shirunta a kan waɗannan ba shaida ba ce. Wanda kuma ke marmarin ganin radiyeshan da idonsa, akwatin hazo irin wanda Charles Wilson ya ƙirƙiro, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1927, zai nuna masa sawun ƙwayoyin da ke saukowa daga sararin samaniya ba tare da ya shigo da wani sinadari mai haɗari cikin gida ba. Ni dai tawa tana cikin aljihun tebur a nannaɗe da tsumma saboda gilashin, kofin yuraniyom ɗin yana cikin kabad a rufe ba a shan komai da shi, kuma da wani ɗalibi ya kawo mini tsohuwar ƙararrawar hayaƙi yana roƙon mu buɗe ta mu ga yadda na'urar za ta yi, na ɗora ta a kan kwanson daga waje, muka ƙirga na minti goma, muka rubuta ɗan bambancin da muka samu, sannan na karɓe ta na ajiye har in kai ta inda ake karɓar irin wannan shara.